An ce ina da ciwon hanta nau'in B, ni kuma lafiyata ƙalau. Cuta ce mai yaɗuwa ko irin su hawan jini ce?

Abu_Hanif ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman wanda zai min bayani a nutse, don kaina ya ɗaure kuma har yanzu ban samu wanda ya tsaya ya saurare ni ba. Matar abokina ce ta haihu ta zubar da jini sosai aka ce sai an mata ƙari, na je zan bayar, suka ɗan ɗibi nawa za su gwada, can sai ga mai lab ɗin ya ja ni gefe ya ce ba za su iya karɓa ba wai ina da hefataitis B, ya miƙo min 'yar takarda an rubuta HBsAg da alamar tarawa a gaba, ya ce in je in ga likita, shikenan ya koma ciki. Ni kuma wallahi ko ciwon kai bana yi, idona fari tas babu alamar shawara, ina cin abinci ina zuwa aiki.

Abin da ya fi damuna, matata tana da ciki. Mahaifiyata kuma tunda ta ji ta ware min kofi da cokali, ta ce kar in riƙa ɗaukar ɗana na fari in ina gumi. Ban ga laifinta ba tsoro ne, amma abin yana min ciwo a rai. Mahaifinmu yana da hawan jini da suga shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa ware masa komai, to ni a sanina cuta kala biyu ce, akwai wadda ake ɗauka a sha magani ta wuce kamar kwalara ko ƙyanda, akwai wadda ba a ɗauka amma mutum zai zauna da ita har ƙarshen rayuwa. Wannan tawa a wane ɓangare take? Ana warkewa? Ya zan kare matata da abin da ke cikinta?

Maman_Zahra ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka kwantar da hankalinka, Allah ya sa gano ta da aka yi yanzu ya zama alheri, don mafi yawan masu ita ba su ma san suna da ita ba. Ni nas ce, kuma irin takardar nan taka na ga mutane da yawa sun shigo da ita hannu na rawa.

Amsar tambayarka ita ce duka biyun ce. Ƙwayar cuta ce ake ɗauka, amma in ta samu wurin zama a hanta sai ta koma cuta mai daɗewa. Abin da ke raba su wata shida ne. In an sake gwada ka bayan wata 6 aka ga HBsAg ɗin, wato alamar ƙwayar a jini, yana nan, to ta zama zaunanniya. Babban mutum in ya ɗauka da girmansa yawanci garkuwar jikinsa tana korar ta da kanta, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zame musu zaunanniya. Amma jariri da ya ɗauka wajen haihuwa ko a shekararsa ta farko, kusan 9 cikin 10 da ita za su tashi, ba su sani ba iyayensu ba su sani ba. Shi ya sa nake roƙon duk mai karanta wannan ya daina yi wa masu ciwon nan kallon banza ko zargin sun yi wani abin kunya, yawancinsu tun suna zanin goyo suka samu, ko daga uwa lokacin haihuwa ko tsakanin yara a gida ta ƙurji da rauni da reza.

Ta jini take bi da ruwan jikin da ke fita wajen saduwa. Wato haihuwa, allura ko sirinjin da aka yi wa wani aka sake amfani da shi, ƙarin jinin da ba a tantance ba, reza, kilifa in ta yanki mutum, abin yanke farce, buroshin haƙori, abin huda kunne, da kwanciyar aure. Kuma ƙwayar tana da taurin rai, ɗigon jinin da ya bushe a jikin reza za ta iya kai kwana 7 a ciki da ranta. Amma ba ta bin kofi, ba ta bin cokali, ba ta bin gumi, ko tari ko atishawa ko gaisawa ko runguma. Ka ɗauki ɗanka ka rungume shi. Ka samu Mama cikin ladabi ka ce mata abin da za a ware maka reza ne da buroshi da abin yanke farce, kofin kam a mayar da shi cikin 'yan uwansa. In ka yanke ka rufe wurin da filasta, in jini ya zuba a ƙasa a sa safar hannu a goge da ruwan bilic.

Yanzu maganar madam, ita ce ta gaggawa. Ranar awo ta gaba, ko ma kafin nan, ta gaya musu mijinta yana da shi a gwada ta. In ba ta da shi kuma ba ta da garkuwa sai a fara mata allurar riga-kafi, ba ta da illa ga mai ciki, guda 3 ce, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, kafin ta kammala ku yi amfani da kwaroron roba. In kuma tana da shi to za a auna yawan ƙwayar a jininta, in ta yi yawa akwai maganin da ake ba mai ciki ya rage ta kafin haihuwa. Ko ma mene ne sakamakonta, jaririn nan a yi masa allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, kar a ce sai an huta, kar a ce sai cibiya ta faɗi, awa 24. Tun yanzu ku tambayi inda za ta haihu ko suna da ita a firij kullum har da daddare da ranakun hutu, don nan ne ake yawan samun matsala, a haihu cikin dare a ce mai allurar sai bayan kwana biyu. In uwar na da shi akwai wata allurar kuma HBIG da ake haɗawa da ita in an samu. Sannan ya ci gaba da sauran alluransa na yara yadda aka tsara. Nono kuma ta shayar da abinta, ba ya hanawa.

Ɗanka na fari a duba katinsa a ga ko ya cika alluransa, a gwada shi. Mama ma da 'yan uwanka da kuke ciki ɗaya duk su je gwaji, wannan kar ka yi wasa da shi.

Sani_Direba ya rubuta:

Allah ya ba ka lafiya malam. Ni dai akwai wani mai magani da na sani yana haɗa na ciwon hanta, jarka ɗaya ake sha, mutane da yawa sun ce sun sha sun koma gwaji an ce babu. In kana so in turo maka lambarsa ta inbos. Na asibitin nan an ce sai dai ka yi ta sha har ka mutu ba ya warkarwa.

Baban_Sadiq ya rubuta:

Malam Sani na san da zuciya ɗaya ka faɗa, amma dan Allah kar ka tura masa. Ni mai ciwon ne, na daɗe da shi, kuma yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya shi ma yana da shi, jarkokin nan ya yi ta sha ana ce masa ya kusa, bai koma asibiti ba sai da cikinsa ya kumbura ya yi tsini, ƙafa ta haye, ido ya yi ɗorawa shar, aka yi hoto aka ce hantar ta riga ta taurare ta ƙanƙance. Allah ya jiƙansa. Duk abin da ka haɗiya hanta ce ke tace shi, to hantar da ke fama da kanta ka ɗura mata abin da ba ka san me ke ciki ba kuma ba ka san awonsa ba, ai ƙara mata kaya ka yi. Su waɗanda suka ce sun sha an ce babu, ka koma kan bayanin Anti Maman Zahra a sama, wanda ya ɗauka da girmansa dama yawanci jikinsa zai kore ta cikin wata shida ko ya sha ko bai sha ba, sai mai jarka ya karɓe yabon.

Abu Hanif ɗan uwa, ga abin da za ka tarar in ka je, don kar ya zo maka baƙo. Takardar da ke hannunka ta nuna ƙwayar na jikinka ne kawai, ba ta nuna halin da hantarka ke ciki ba. Likita zai rubuta maka gwajin aikin hanta, a ciki akwai wani ALT da ke hawa in hantar na kumburi, da gwajin yawan ƙwayar a jini wanda suke rubutawa HBV DNA, da sikanin na ciki, za su shafa maka wani man mai sanyi a gefen dama ƙasan haƙarƙari su ce ka ja numfashi ka riƙe, ba zafi ko kaɗan. Za su gwada HIV da nau'in C ma, kar ranka ya ɓaci, ƙa'ida ce kafin a fara magani. Daga nan ne za a san ko kana buƙatar magani yanzu ko bibiya kawai za a riƙa yi, don ba kowa ake ɗorawa a kai ba.

Ni tenofovir nake sha, ƙwaya ɗaya a rana, akwai wani kuma entecavir. Gaskiya ne ba ya fitar da ita kwata-kwata, danne ta yake har a auna a kasa ganinta a jini, hanta ta samu sarari ta huta, haɗarin taurarewa da na kansar hanta ya ragu sosai. To ni ban ga abin ƙi a nan ba, mahaifinka ma ai haka yake shan na hawan jini. Abu ɗaya da likitana ya ja min kunne a kai, in ka fara kar ka tsaya da kanka don ka ji garau ko don kuɗi sun yanke, ƙwayar na iya tasowa da ƙarfi ta ji wa hanta mummunan rauni, in da matsala ka koma ka faɗa musu. Suna duba min ƙoda lokaci zuwa lokaci saboda maganin, kuma duk wata 6 ina sikanin, don kansar hanta in an kama ta tana ƙarama akwai abin yi, in ta girma kuwa sai addu'a.

Giya ko ɗigo. Taba ma a bari. Maganin ciwon jiki na kemis kar ka riƙa sha barkatai, har farasitamol kar ka wuce ƙa'ida. Hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, akwai guba a ciki sunanta aflatoksin, in ta haɗu da ciwon nan haɗarin kansar hanta ninkuwa yake. Ka kula da ƙiba kuma don kitse ma yana taruwa a hanta. Ban da wannan ina aikina, ina da mata da yara, duk an musu allura babu wanda ya ɗauka a cikinsu alhamdulillah.

Ummu_Aiman ta rubuta:

Ni tambayar farkon nan tasa ce ta tsaya min a rai, ta cewa cuta kala biyu ce, don haka aka koya mana duka kuma yana da amfani, amma in ka shiga karatun lafiyar al'umma sai ka ga katangar da ke tsakaninsu gajeriya ce ƙwarai. Kansar bakin mahaifa kowa zai ce ai ba a ɗaukarta, alhali kusan dukkanta ƙwayar HPV ce ke jawo ta, kuma akwai allurar riga-kafinta da ake yi wa yara mata daga shekara 9 zuwa 14. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro na bakteriya ba a ba shi maganin da ya dace ba, bayan shekaru ya dawo da lalatattun ƙofofin zuciya. Olsa da kansar tumbi da yawansu wata ƙwaya ce H. pylori ke jawo su. HIV ana ɗauka, amma yau da magani mutum zai tsufa da ita. Sannan ta ɗaya gefen, mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi saurin kamuwa da tarin fuka wajen ninki 2 zuwa 3, don sugan na raunana garkuwa. To ka ga kowacce tana buɗe wa 'yar uwarta ƙofa.

Kuma abin da ya haɗa ciwonka da na Baba shi ne shirun. Kamar gara suke, ice na tsaye sumul a ido ciki kuwa an cinye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da zaunannen nau'in B, miliyan 65 daga ciki a Afirka, ya kashe wajen miliyan 1.1 a shekarar, amma kashi 13 cikin 100 kacal aka gano suna da shi. Hawan jini ma haka, manya sama da biliyan 1 ke da shi kuma kusan rabinsu ba su sani ba, sai ranar da mutum ya faɗi ɓarin jiki ya shanye ko aka ce ƙoda ta tsaya sai wanki. Mu kuma mun saba sai jiki ya faɗa mana sannan mu je asibiti, waɗannan kuwa jiki ba ya faɗa sai aski ya zo gaban goshi. Awon hawan jini minti biyu ne, in ana samun 140/90 ko sama a ranaku daban-daban to akwai magana. Kai tunda mahaifinka yana da hawan jini da suga, ka riƙa aunawa kai ma in ka je bibiyar hantar, ka rage gishiri ya koma ƙasa da giram 5 a rana wato bai cika ƙaramin cokali ba har da wanda ke cikin girki, ka samu tafiyar sauri ta minti 150 a sati ko da rarrabawa za ka yi.

Wani abu da ke ba ni ƙwarin gwiwa game da nau'in B, an gwada an gani. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar nan a 1984, lokacin kusan yaro 1 cikin 10 na ɗauke da ƙwayar, bayan shekaru ya sauko ƙasa da 1 cikin 100, kansar hanta a yara ma ta ragu. A Gambiya ma tun 1986 aka fara babban bincike a kanta. Allurar na ba da kariya kashi 98 zuwa 100. Wanda ya gano ƙwayar, Baruch Blumberg, ya samu kyautar Nobel a 1976, ranar haihuwarsa ce ma 28 ga Yuli aka mayar ranar ciwon hanta ta duniya, a irin ranar wurare da dama ana gwaji da wayar da kai, mai son kai iyalinsa ya sa ido.

Malam Sani, wataƙila wanda ka ji ana warkewa nau'in C ne, shi kam yanzu akwai ƙwayoyin da ake sha kamar wata 3 su warkar da sama da kashi 95, Masar ta gwada mutum sama da miliyan 50 a gangamin da ta fara a 2018 ta yi wa waɗanda aka samu magani. Sai dai shi C ba shi da allurar riga-kafi. A da E kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci suke zuwa, su ne ake kiyayewa da wanke hannu da tsaftar ruwan sha, E ɗin yana da haɗari sosai ga mai ciki. Ina ganin daga nan ne ma tsoron kofi da cokalin ya samo asali, an haɗa su duka an kira su ciwon hanta.

Abu_Hanif ya rubuta:

Wallahi na gode, Allah ya saka muku da alheri, Baban Sadiq Allah ya jiƙan yaya ya sa ya huta. Na karanta wa Mama bayanin Anti, ta yi shiru can ta ce to ita ma a kai ta a gwada, daga nan kuma sai ta fara kuka wai ko ita ce ta sa min, na rasa me zan ce mata. Madam an gwada ta jiya babu, sun ce ta dawo a fara allura. Tambayata biyu, ni ma in na yi allurar za ta taimaka min? Sannan ƙanwata ta ce ta taɓa yin guda ɗaya a makaranta ba ta koma ba, daga farko za ta sake?

Maman_Zahra ta rubuta:

Alhamdulillah da sakamakon madam. Ka ce wa Mama ko da an gwada an samu tana da shi ba laifinta ba ne ko kaɗan, ita ma haka ta same shi ba da saninta ba, kuma lokacin da aka haifi yawancinmu allurar ba ta iso ko'ina ba, a 1981 aka fara amincewa da ita a Amurka, ta ɗau shekaru masu yawa kafin ta shiga alluran yara a sauran ƙasashe. Ku rarrashe ta ku kai ta, don in tana da shi a shekarunta ta fi ka buƙatar sikanin ɗin ma.

Kai allurar ba za ta maka komai ba tunda ƙwayar ta riga ta shiga, kar wani ya karɓi kuɗinka a kan haka, naka shi ne gwaje-gwajen da Baban Sadiq ya lissafa da ganin likitan hanta, kuma jini kam ka daina bayarwa. Ƙanwarka a fara gwada ta tukuna tunda gida ɗaya kuka tashi. In babu, ba sai ta koma farko ba ko da an daɗe, ta ɗora daga inda ta tsaya, ta karɓi ta biyu yanzu, ta uku kuma a bar aƙalla wata 2 tsakani. Madam kuma in ta gama ta ukun da wata 1 zuwa 2, ku nemi a mata gwajin anti-HBs a tabbatar garkuwar ta kama, ana so ya kai 10 ko sama, saboda ita tana tare da kai kullum. In za ka wajen likita ka tafi da takardar lab ɗin nan ta farko, kwanan watan da ke jiki da shi za a ƙirga wata shidan.